Abin da Na Karanta a Cunkoson Oshodi

Barira, kin tare ni a bakin famfo
da bokiti biyu da tambaya ɗaya:
wane littafi za ki ba yaran nan
kafin waya ta cinye musu hutu?
Na ce bari in dawo daga aiki.
To ga ni, ko takalmi ban cire ba.

Tun farkon damina nake karatu a danfo,
gwiwata a bayan wani, jakata a ƙirji.
Daga Agege zuwa Oshodi awa biyu ce,
in ruwa ya sauka, sai yadda Allah ya yi.
Iya Ronke ke sayar mini, ƙarƙashin gada,
tsakanin mai gasa masara da mai ɗinkin takalmi.
Ta yanka kuɗi da Yarbanci, in taya da Hausa,
mu haɗu a tsakiya, kowa na ƙorafi.

Tasi'u, ɗan shekara shida,
ba shi wannan mai koren bango.
Akuya ce ta shiga jirgin ƙasa ba tikiti,
ta cinye jaridar wani alhaji
tun bai kai shafin wasanni ba.
Na yi dariya har kwandasta ya waiwayo.
Amma kar ki miƙa masa ki koma murhu:
zauna, ki yi kukan akuyar da bakinki,
ki bar shi ya juya shafi
ko da hannunsa duk manja ne.

Mansura mai tambaya kamar lauya,
nata shi ne na 'yar masunci
da ke ƙirga kifin da ubanta ya kamo,
ta ga kullum raguwa yake,
ta ɗauki kwalekwale ta bi ruwan
don ta ga wa ke zuba masa baƙin mai.
Sai dai in gaya miki gaskiya:
shafi bakwai na ƙarshe babu su.
Ɓera ne, ko ruwa, ko wani yaro, oho.
Kwana uku ina jin haushi.
Yanzu na huce. Saya mata biro,
ta ƙarasa mana da kanta.

Nafi'u kuwa, a bi shi a hankali.
Sha shida, murya ta fashe, magana ta yi tsada.
In kin ce karanta, kin rufe littafin ke nan.
Ajiye shi kusa da inda yake cajin waya,
ki yi kamar mantuwa kika yi.
Wa da ƙane ne, da janareton da ubansu ya bari,
suna kwance shi, suna ɗaurawa,
ba wanda ya iya cewa ina kewarsa.
A kansa na wuce tashata
sai da na ji ana kiran Iyana-Ipaja,
na sauko ina goge ido, na ce hayaƙi ne.

Akwai wanda ba zan ba ki ba,
mai sheƙi, mai tsada, cike da yi kaza, bar kaza,
yaron cikinsa ko taɓo bai taɓa takawa ba.
A Legas! Da damina!
Yana nan ya tokare mini ƙafar tebur,
ya samu aikin da ya iya.

Abu ɗaya ke ci mini tuwo a ƙwarya:
duk tulin Iya Ronke babu na Hausa ko ɗaya.
Na ba Sagir direban tumatir saƙo,
in ya juyo daga Kano ya taho da biyar,
ko da za su iso suna warin kwando.

Ungo, riƙe da kyau, ledar ta huje.
Ba kyauta ba ce, aro ne, a dawo mini da su.
Na Mansura ma har da riba:
ina jiran shafi bakwai ɗin nan,
cunkoson Litinin ba ya jira.